Ɗaukar Hoton Hazo a Lokacin Hunturu

Kowace shekara, daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu ta kan taso daga arewa maso gabas ta lulluɓe ƙasar Hausa da ƙura. In hunturu ya wuce sai a ji dattawa suna gardama, wani ya ce hazon bana ya fi na bara, wani ya ce ko kusa. Ba mai iya raba gardamar, gama ba wanda ya ajiye shaida. Yanzu kuwa da wuya a sami ofishin hakimi wanda ba mai wayar hannu mai ɗaukar hoto a cikinsa. Wannan darasi zai nuna yadda malamin hakimi, ko da bai taɓa koyon sana'ar hoto ba, zai ɗauki hoton hazo wanda za a iya kafa hujja da shi.

Asalin ƙurar da yadda a ke auna ta

Yawancin ƙurar tana tasowa ne daga wani kwari da a ke kira Bodele, a arewacin ƙasar Chadi, wajen garin Faya. A zamanin da can wurin yana ƙarƙashin ruwan Tafkin Chadi, sa'ad da tafkin ya ke da girma ƙwarai. Da ruwa ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta kan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi ƙasar nan, cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Maiduguri da Kano.

Masu duban yanayi suna auna kaurin hazo ne da nisan abin da ido ke iya hangowa. In mutum ba ya iya hangen abin da ke nesa da shi da kilomita 1, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, ta kan lasafta shi hazo mai kauri, ta yi wa direbobi da masu ciwon asma gargaɗi. Wannan hanya ce malamin hakimi zai bi.

Abin da ya shafi hakimi

Lokacin hazo motoci su kan yi karo, gama direba ba ya ganin na gabansa. Lokacin ne kuma gobara ta kan yi yawa, don kome ya bushe, mutane kuma suna kwana da wuta saboda ɗari. Har wa yau ciwon sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura su kan raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jiki. A shekarar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. Hakimin da ya kai kuka gaban ƙaramar hukuma ko majalisar Sarki da hotuna masu kwanan wata a hannunsa ya fi samun mai sauraro, gama gani ya kori ji.

Zaɓen wuri da alamu

Da farko a zaɓi wuri guda mai ɗan tudu, a sa masa alama da fenti ko turke, kada a ƙara sake shi. Daga nan a nemi abubuwa huɗu ko biyar da ke fuska ɗaya, waɗansu kusa waɗansu nesa: kuka ko rimi, hasumiyar masallaci, tankin ruwa, dutse. Abu mai duhu wanda sararin sama ke bayansa shi ya fi. A Zariya dutsen Kufena ya yi daidai da wannan aiki, a Kano kuwa Dala da Goron Dutse. A auna nisan kowane da ma'aunin tafiya na mota ko da taswirar waya, a rubuta. In an sami na mita 500, da kilomita 1, da 2, da 5, to, ya wadatar.

Hoton farko a ɗauke shi a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, ranar da gari ya yi garau. Shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada sauran da shi.

Yadda za a ɗauka

1. A riƙa ɗauka lokaci guda kullum. Hantsi ya fi sassafe, gama da sassafe hayaƙin girki da tururin fadama su kan gauraya da ƙura su ruɗi mai kallo.
2. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. In ya fuskance ta, hazon zai fi yadda ya ke kauri cikin hoton. Kada kuma ya ƙura wa rana ido don ya ga ta dushe, tana iya cutar ido duk da haka.
3. Na'urar ta kan ga farin hazo ta zaci haske ya yi yawa, sai ta rage shi, hoton ya fito toka-toka. A ɗan ƙara hasken da hannu har hoton ya yi kama da abin da ido ke gani.
4. Na'urar ba ta iya saita kanta bisa farin sarari. A taɓa itacen da ke kusa a fuskar wayar don ta saitu da shi.
5. Kada a kunna fitilar hoto. Ta kan haska ƙurar da ke gaban gilashi, hoton ya cika da fararen ɗigo.
6. Kada a jawo hoto kusa yau, gobe a bar shi nesa, kada kuma a gyara launinsa bayan an ɗauka. Hoton da aka yi wa kwalliya ya tashi daga shaida.

Kula da kayan aiki

Cikin ƙurar akwai tsabar yashi mai kaifi. Wanda ya goge gilashin da bakin riga zai karce shi. A fara hure ƙurar tukuna, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle mai tsabta. Mai babbar kyamara kada ya cire gilashinta a fili, in ya gama ya mayar da ita cikin jaka ya rufe.

Littafin malami

Hoto ba ya faɗin kome in ba a san ranarsa ba. Saboda haka malami ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da alama mafi nisa da aka iya gani, da abin da ya auku cikin gunduma ran nan, kamar gobara, ko haɗarin mota, ko yawan masu tari a asibiti. Kowane wata a wanke hoto uku ko huɗu a manna cikin littafin, gama waya ta kan ɓace ko ta lalace.

Wajibi ne kuma a tsare mutuncin jama'a. Wanda ya hau tudu kada ya juya na'urarsa cikin gidajen mutane, kada ya ɗauki kowa sai da yardarsa, ya kuma nisanci barikin soja da filin jirgin sama.

Littafin shekara guda ba zai nuna abu mai yawa ba. Amma in an jure shekara biyar, hakimi zai san makonnin da hazo ya fi tsananta a ƙasarsa, ya umurci dagatai da masu unguwanni su yi shelar kashe wuta kafin a kwanta, ya nemi allurar riga-kafi tun ciwo bai ɓulla ba.