Yadda Ake Kula da Fayilolin Tashin Kwamfuta Yayin Ɗora Sabon Tsari

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu kwamfuta a Kano, daga shagunan buga takardu na cikin ganuwa har zuwa kasuwar Farm Centre, ke fuskantar zaɓi: ko Windows 11 mai buƙatar UEFI da TPM 2.0, ko a ɗora Ubuntu gefen tsohon tsarin. Ko wanne aka zaɓa, a kwamfuta mai UEFI aikin ya rataya ne kan wani ɗan ɓangare na faifai mai suna EFI, inda fayilolin da ke tada kwamfuta suke. Wanda ya kiyaye shi ya kiyaye dukiyar mutane.

Da farko, shiga saitin na'urar ka duba ko UEFI take bi ko tsohon BIOS, sannan ka haɗa filash ɗinka daidai da hakan a manhajar Rufus: GPT don UEFI, MBR don BIOS. Na biyu, kafin ka taɓa komai, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka kwafe bayanan tashin Windows, wato BCD, zuwa filash da umarnin bcdedit /export, ka kuma rubuta mabuɗin BitLocker idan faifan a kulle yake. Na uku, da ka zo rabon faifai, idan na'urar UEFI take bi, nemo ɗan ɓangaren EFI ɗin nan na FAT32 wanda Windows kan ba wa kimanin megabait 100. Nuna wa Ubuntu shi a matsayin /boot/efi, amma kada ka yi masa fomat, domin zai ɗauki tsarin biyu tare.

Na huɗu, bayan an gama, kada ka gyara grub.cfg, fayil ɗin GRUB mai nuna jerin zaɓin tsari yayin tashi, da hannu, saboda na'ura ce ke rubuta shi, kuma sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaranka. Gyara /etc/default/grub, sannan ka buga sudo update-grub. Idan Windows bai bayyana a jerin zaɓi ba, dalilin sananne ne: tun GRUB 2.06 na 2021 aka bar os-prober, mai gano sauran tsare-tsaren da ke faifai, a kashe, don haka ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub ka sake umarnin. Idan kuma Windows ne ya ƙi tashi, shiga da filash ɗinsa ka sake gina fayilolin da bcdboot.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, ga masu jira a shago, gara a share faifan gaba ɗaya. Sai dai a cikin faifan nan akwai kundin ɗalibin Jami'ar Bayero da lissafin ɗan kasuwar Kurmi, kuma 'yan mintunan kwafi ba su kai wahalar neman abin da aka goge ba. Wani kuma zai ce ai manhajar ɗorawa na yin komai da kanta. Tana yi, matuƙar wuta ba ta ɗauke ana tsakiyar rubutu ba, alhali yawancin kwamfutocinmu na hannu ne masu raunin batir. Rigakafi ya fi magani.

Don haka, ya kai mai gyara, ka kwafe kafin ka taɓa, ka kuma tada tsarin biyu a gaban mai kaya kafin ka karɓi kuɗin aikinka.