Sankarar Ƙullutun Mafitsara: Kada A Jira Sai An Ga Alama

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu, girmansa bai fi ɗan goro ba, likitoci na ce masa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa, shi ya sa da ya kumbura fitsari ke fara ba da labari. Sai ka ga dattijo ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare da buta a hannu, ya tsuguna ya daɗe, fitsarin ya zo a tsittsinke ba ƙarfi, ya miƙe yana jin da saura. Wani ya yi alwala, kafin ya shiga sahu ɗigo ya ɓata masa wando. Jini a fitsari ko a maniyyi kuwa, kada a yi gaggawar ɗora wa tsargiya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yawancin waɗannan alamu kumburin tsufa ke kawo su, ba sankara ba. Ita sankarar galibi daga gefen ƙullutun take tsirowa, nesa da hanyar fitsari, ta yi shekaru shiru. Ran da ciwon baya da na ƙugu suka ƙi jin magani, mutum ya rame, ƙafafu suka yi nauyi, sau da yawa ta riga ta kai ƙashi. Don haka mai cewa "ni ban ji komai ba" bai kawo hujja ba. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, ta fi yawa a baƙar fata, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta ya fi kowa kusa da ita. Namijin da ya kai shekara 45 ya kamata ya tuntuɓi likita ko da yana jin garau.

Wani zai ce gwajin jinin da likita kan yi, wanda ake kira PSA, ba ya yanke hukunci. Gaskiya ne, kumburi ko ciwon sanyi ma kan ɗaga shi. Amma aikinsa nuni ne: in ya hau, sai a tsakuro ɗan nama a duba. Wani kuma kunya ke hana shi, don likita kan sa safar hannu ya taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura. Abin bai kai minti ɗaya ba, kuma a bayan labule ake yi. Wanda ya guje shi ya koma wa mai lasifika a tasha yana sayen jarkar maganin sanyi, shi ne ake kawowa asibiti tsakar dare, fitsari ya ɗauke, mara ta cika tam, sai an zura masa roba kafin ya samu sa'ida.