Faifan Bikinku Ba Zai Jira Jikokinku Ba

Da wuya ka shiga gida a Gwandu ko Kalgo ka rasa wata leda ko tsohon kwali a ƙarƙashin gado cike da faya-fayan CD da DVD: ɗaurin auren wance, walimar saukar wane, dawowar Alhaji daga Makka, tafsirin wani azumi, hawan Sallah a Birnin Kebbi. Masu su na ganin ajiya suka yi. Ni da na ci abinci da sana'ar kwafar faifai tun tana tashe har ta kwanta, ina shaida muku cewa da yawa daga cikin faya-fayan nan sun kama hanyar lalacewa, wasu ma sun riga sun mutu. Ba a gane ba ne kawai saboda an daɗe ba a sa su a na'ura ba.

Faifai iri biyu ne, ko da yake ido ba ya saurin rabewa. Akwai na kamfani, wanda ake narka roba a matsa ta a jikin wani mazubin ƙarfe mai ɗauke da rubutun, sannan a shafa mata ɗan siririn gorar ruwa mai ƙyalli. Rubutunsa ramuka ne a jikin robar kanta, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi injin yake fitar da ɗaya. Irin wannan ne kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi a 1982. Na biyun shi ne namu na shago. Fanko muke sayo shi, da wani rini a cikinsa, hasken na'ura ya bi yana ƙona rinin ɗigo-ɗigo, ƙunar nan ita ce rubutun. Juya bayan faifanka ka duba. In fari ne tas mai ruwan azurfa, galibi na kamfani ne. In CD ne mai ɗan kore ko shuɗi, ko DVD mai ruwan shanshanbale, to ƙonawa aka yi. Bidiyon biki kuwa ba sai ka duba ba, babu mai kai aikin kwafi ashirin masana'anta.

Rinin nan ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da hasken rana, ba ya shiri da laima. Dusashewa yake yi a hankali, kamar rasidin POS da ya kwana biyu a aljihu. Ƙasarmu kuma kun san ta: a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano, daga nan damina ta shigo da raɓarta, hunturu ya biyo da ƙura. Faifai mai kyau da aka ɓoye a wuri mai sanyi yana iya kai shekaru da dama. Mai arha a ɗakin kwano, 'yan shekaru sun ishe shi.

Mai arhar kuma shi ya cika kasuwa, da dalili. A zamanin kaset, furodusan fim a Kano kwali yake bugawa ya sayar, ya miƙa masta ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su yi ta dubin, kuma adadin kwalin shi ne lissafinsa. Da faifai ya zo, sai kwafi ya zama wasan yara. Na'ura ce doguwa mai bakuna bakwai ko goma sha ɗaya, ka sa masta a sama, ka cika sauran da fanko, 'yan mintoci ka kwashe. Kaya daga Alaba ta Legas suka malalo, DVD ɗaya da finafinai ashirin a matse, ga waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo an tattara a faifai guda ba tare da iyalansu sun ga ko sisi ba. Fim zai fito Kano, kafin a ce me kwafinsa ya riga na asali isa Jega. Farashi ya faɗi warwas, kuma wanda ke son riba dole ya sayi fanko mafi arha, ya ƙona shi da gudu mafi sauri, ya tsallake dubawar da na'ura ke yi a ƙarshe don tabbatar da kwafin ya yi daidai. Fankon da aka yi satar fasaha da shi, shi ɗin ne dai mai ɗaukar bidiyo ya zuba bikin ƙanwarka a ciki. Satar nan ta ci kasuwar da ke ciyar da mu duka kafin waya da YouTube su ƙarasa ta. 

Alamar farko da nake gani ita ce hoto ya riƙa tsayawa ko ya farfashe wajen ƙarshen bidiyo. Rubutun faifai daga tsakiya yake farawa, ya yi ta zagaye zuwa baki, tsawon da ya haura kilomita biyar a CD. Bakin nan shi hannu ke kamawa, shi iska ke fara ci, don haka ƙarshen taro, inda aka yi addu'a ko aka kai amarya, shi ke fara tafiya. Sai mutum ya ɗauko gefen riga ya yi ta goge shi a zagaye. Kada a yi haka. Da tsumma mai laushi ake shafawa, daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Abin da mutane ba su sani ba, a CD gefen da ake rubuta suna ya fi bayan haɗari, domin abin ƙyallin yana dab da saman. Ƙarzanen baya wani lokaci ana iya gyarawa. Biro in ya huda sama, ko aka ɓare takardar da aka manna ta taho da ƙyallin, wurin ya tafi ke nan. DVD ya ɗan fi juriya ta nan, rubutunsa na tsakanin roba biyu da aka haɗa, sai dai in an lanƙwasa shi gam ɗin na iya sakewa.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini faifan wa'azin mahaifinsa, ya ce, "Malam, muryar tsoho ba ta ko'ina sai nan." Rabi muka samu. Irin wannan ya fi damuna a kan fim, domin fim akwai shi a hannun dubban mutane. Karatun malaman zaure na Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda almajiri ya ɗauka a kaset aka mayar faifai sannan aka yar da kaset ɗin, sau da yawa kwafi ɗaya tak ya rage.

Na'urorin karantawa ma ƙarewa suke yi. Sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin sa faifai. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda fankonsa ya yi suna wajen inganci, ya daina yi tun ƙarshen 2015. Ko a Kalgo, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kai da kawo, ka nemi shagon da zai karanta maka VCD ka ga yadda za ka sha yawo.

Saboda haka a fito da su yanzu, a fara da waɗanda babu irinsu a wani wuri. In kun je wurin mai turi, ku ce ya kwafe abin da ke cikin faifan gaba ɗaya yadda yake. A DVD jakar sunanta VIDEO_TS, a VCD kuma MPEGAV. Yara da yawa matse bidiyon suke yi ya zama ƙarami don ya shiga waya, fuskoki su dagule, kuma abin da aka matse ba ya komawa. A yi muku ƙaramin don kallo, amma a ba ku babban. DVD ɗaya galibi bai wuce gigabait 4.7 ba, CD kuma megabait 700, filas guda zai ɗauke ledar gaba ɗaya. Sai dai filas da memori su ma ba wurin dogaro ba ne: akwai jabu masu ƙaryar girma, kuma ko na gaske yana iya zubar da abin da ke ciki in ya shekara da shekaru a ajiye. A yi kwafi biyu ko uku, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wani gari, faifan kuma kada a yar, a tsayar da shi a gidansa nesa da taga.

In bidiyon biki ne da matan gida a ciki, kada ku aiki yaro. Ku je da kanku, ku tsaya a gama, ku ga an goge shi daga kwamfutar shagon har da kwandon shararta kafin ku biya. Kwamfutar da ake tura wa samarin unguwa waƙa da ita ce, kuma ba mutum ɗaya ke zama a kanta ba.