Sikirin Ko Madanni: Dalilin Da Ya Sa Motoci Mafi Tsada Ke Komawa Ga Allura

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari da Kajiji, ya ga wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Direba yana kan gudu, idonsa na kan kwalta, sai ya miƙa hannu ya rage ƙarar rediyo ko ya murɗa iska, bai ko kalli wurin ba. Yatsunsa sun haddace inda kowane madanni yake. Wannan ƙaramin abu shi ne ake ta jayayya a kansa yau a kamfanonin da ke ƙera motocin tsere na alfarma, waɗanda kuɗin guda ɗaya zai sayi motocin tasha gaba ɗaya har a yi canji.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan direba ya ɗauke ido na sakan huɗu yana neman wani abu a sikirin, motar ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai kallon gabanta. A hanya irin ta Kajiji, inda akuya ko ɗan kabu-kabu ko amalanke kan faɗo titi ba sallama, sakan huɗu ba wasa ba ne.

A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gwada wannan. An sa direbobi su yi wasu ƙananan ayyuka, kamar canza tashar rediyo da daidaita zafin cikin mota, suna gudun kilomita 110 a awa. Tsohuwar Volvo V70 ƙirar 2005, wadda komai nata madanni ne, ta gama cikin sakan 10. Sabuwar MG Marvel R mai ƙaton sikirin ta haura sakan 40, ta ci fiye da kilomita guda kafin a kammala.

Me ya sa sikirin ke cin ido?

Sikirin ɗin mota iri ɗaya ne da na wayar da ke hannun mai karatu. A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layuka masu ɗauke da ɗan cajin lantarki. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, saboda haka idan yatsa ya taɓa gilashi cajin wurin yana canzawa, sai na'ura ta gane inda aka taɓa. Shi ya sa waya ke rikicewa idan hannu da gumi ko ruwa.

Amma babbar matsalar ba ta gumi ba ce. Gilashi sumul yake, ko'ina ɗaya. Yatsa ba ya iya bambanta wurin esi da wurin rediyo, dole ido ya raka shi. Ga kuma aikin manhaja: wuri ɗaya a sikirin yanzu yana nufin "ƙara sauti", an shiga wani shafi yana nufin "kira". Madanni kuwa yana da siffa, yana da wurin zama guda, kuma idan an danna shi ana jin ya shiga. Haka allurar maleji: da gefen ido ake gane inda ta karkata, ba sai an karanta lamba ba.

Abin da manyan suka zaɓa

A watan Yunin 2024 Bugatti ta nuna motarta Tourbillon, wadda guda 250 kawai za a ƙera, kowace a kan Yuro miliyan 3.8. Abin da ke gaban direba ba sikirin ba ne. Alluran gaske ne, waɗanda maƙeran agogo na Suwizalan suka haɗa da sassa sama da 600, har ana hango ƙananan haƙoran da ke juya su ta cikin gilashi. Akwai sikirin, amma a ɓoye yake, sai an buƙace shi yake fitowa. Hujjar kamfanin ita ce mota irin wannan ana so ta yi shekaru masu yawa ba ta tsufa a ido ba, sikirin kuwa da wuri yake nuna shekarunsa. Wanda ya ɗauko wayar 2014 ya ajiye kusa da ta bana zai fahimci zancen.

Ferrari ta fara bin ɗaya hanyar. Tun daga SF90 ta 2019 ta cika sitiyari da wuraren shafawa, har na tayar da inji. Masu motar suka yi ta ƙorafin cewa hannu na taɓa su bisa kuskure a kan kwana. Da ta fito da Amalfi a Yulin 2025, sai ga madannai sun dawo, har da jan madannin nan na tayar da mota.

Porsche ce ta saɓa. Shekara sittin 911 tana da allurar juyin inji a tsakiyar dashbod, amma a 2024 aka maye gurbinta da sikirin mai inci 12.6. Kuma gaskiya tana da abin faɗa: taswira, kyamarar baya da saƙon gargaɗi duk sun fi kyau a sikirin. Sikirin da ake kallo kawai ba shi da laifi sosai. Wanda ake lalube da yatsa ana gudu shi ne abin tsoro.

Wani abin da talla ba ta faɗa: sikirin ya fi arha ga kamfani. Kowane madanni yana buƙatar waya, da gurbi, da gwaji. Sikirin guda yana haɗiye madannai talatin, kuma idan an yi kuskure sai a turo sabuwar manhaja. Abin da ake sayar wa mutane a matsayin ci gaba, rabinsa rage kuɗin ƙira ne.

Ranar da sikirin ya mutu

A 2021 Tesla ta janye motoci kusan 135,000 na Model S da Model X a Amurka. Ma'adanar bayanai mai gigabait 8 da ke bayan sikirin ta gaji da yawan rubutu, kamar yadda memorin waya ke lalacewa. Da ta mutu, sikirin ya yi baƙi, kyamarar baya ta tafi, haka hanyar kunna abin share raɓar gilashi.

Nan ne zancen ya shafi mutumin Kajiji, ko da bai taɓa ganin Bugatti ba sai a TikTok. Salon da motocin alfarma suka fara shi ke gangarowa zuwa motocin talakawa, kuma su ne ke isowa nan a matsayin 'yan Kwatano bayan shekara goma ko fiye, sikirin ɗinsu ya riga ya sha jiki. Sai su tarar da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. An ƙera sikirin mota ya jure zafi fiye da na waya, amma ba ya ƙara ƙuruciya. Madannin esi idan ya karye, mai rewaya a Shagari ko Tambuwal zai iya haɗa shi da na tsohuwar mota. Sikirin kuwa sau da yawa sai an canza shi ɗungurungum, wani lokaci har sai an haɗa shi da kwamfutar motar kafin ya yi aiki.

Hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta shigo cikin maganar. Daga 2026 tana rage maki ga motar da ba ta da madanni ko sanda na zahiri don abubuwa biyar: sigina, fitilar gargaɗi, hon, waifa da kiran gaggawa. Volkswagen ma ta amsa cewa ta wuce gona da iri, ta ce madannai za su dawo a sababbin motocinta.

Mai shirin sayen mota mai sikirin yana da gwaji mai sauƙi tun tana tsaye a wurin dillali: ya zauna a kujerar direba, ya rufe ido, ya gwada kunna esi, rage sauti da danna fitilar gargaɗi. Sannan ya tambayi kuɗin sabon sikirin ɗin, da garin da ake samunsa, kafin a fara ciniki.