Hukuncin Zana Surar Yara da Allin Launi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Al-Musawwiru, watau Mai surantawa, yana daga cikin kyawawan sunayenSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata sana'a ce da ake ganin waɗansu samari da 'yan mata suna yi a birane, watau zana fuskar yara da allin launi. Uba ko uwa su ba mai zane hoton ɗansu, ko kuwa su zaunar da yaron a gabansa, shi kuma ya fitar da kamanninsa a takarda, a biya shi ladansa, a sa zanen cikin gilashi a rataye a falo. Mutum biyu ne ke bukatar amsa a nan. Akwai mai zanen, wanda yake so ya san ko abin da yake ci halal ne. Akwai kuma mai gida, wanda ya ji an ce mala'ikun rahama suna ƙaurace wa gidan da ke da sura, hankalinsa ya tashi.

Ƙa'ida ce wurin malamai cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi. Wannan alli, wanda Turawa ke kira fastel, garin launi ne da ake kwaɓawa da ɗan ƙaro kaɗan, a mulmula shi kamar allin makaranta, a shanya. Ana goga shi ne a takarda mai ɗan kaushi, garin ya maƙale a jikinta, sa'an nan mai zane ya murza da ɗan yatsa har launi ya shiga launi. Masu zanen yara sun fi son sa saboda dalili biyu. Ba a jiran ya bushe kamar fenti, alhali yaro ba ya zama wuri ɗaya. Kana kuma laushinsa yana fitar da taushin kumatun yaro fiye da sauran kayan zane. Wata mata 'yar birnin Benis na Italiya, Rosalba Kariyera, wadda ta rayu daga 1673 zuwa 1757, tana cikin waɗanda suka ɗaukaka shi a Turai. Ta je Faris a 1720, ta zana Sarkin Faransa Luwi na 15 yana ɗan shekara 10. Amma allin yana da wani rauni: har abada gari ne a kan takarda, ko gefen riga ya shafe shi sai ya ɓaci. Saboda haka tilas a rufe shi da gilashi, a ɗaga shi inda hannu ba ya kaiwa. Mai karatu ya riƙe wannan, gama hukuncin zai komo kansa.

Hadisan da suka zo game da sura masu tsanani ne, kuma ingantattu ne, babu mai musun wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta rataya wani labule mai surori a ɗakinta. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya komo daga tafiya ya gan shi, sai fuskarsa ta sauya, ya cire shi, ya kuma yi gargaɗi da azaba mai tsanani ga masu kwaikwayon halittar Allah. Ita kuwa ta yayyanka labulen ta yi matasan kai da shi, aka ci gaba da amfani da su a cikin gidan. Har wa yau sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da zanen surori yake ci da kansa. Ɗan Abbas ya karanta masa gargaɗin da ya ji daga Annabi, mutumin ya firgita har launinsa ya sauya. Da ya ga haka sai ya nuna masa mafita, ya ce in ya zama dole, ya riƙa zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Sai dai kuma akwai togaciya, ita ma ingantacciya. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an je duba Abu Ɗalha Ba'ansare yana jinya, aka tarar da Sahlu ɗan Hunaifu a wurinsa. Abu Ɗalha ya sa a janye wata shimfiɗa daga ƙarƙashinsa saboda surorin da ke jikinta. Sahlu ya tuna masa cewa ai Annabi ya togace zanen da ke jikin tufa. Abu Ɗalha ya amsa cewa haka ne, amma cirewar ta fi kwanta masa a rai. Ga sahabbai biyu a ɗaki guda, ɗaya ya riƙi sauƙi, ɗaya ya riƙi tsantseni, kuma babu wanda ya fasiƙantar da ɗan'uwansa. Da masu gardamar wannan zamani za su tsaya a wannan labari kaɗai, da an huta da zage-zage da yawa.

Daga nan ne malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, suka rarrabe tsakanin sura mai inuwa da marar inuwa. Mai inuwa ita ce mai jiki, wadda aka sassaƙa ko aka ƙera ko aka gina, in an tsayar da ita a rana inuwarta za ta fito. Shaihu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a shekara ta 1201 ta Hijira, daidai da 1786, ya tsara mas'alar a sharhinsa na Muhtasar Halil, a wurin da ake maganar abin da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyatar walima. Abin da ya tabbatar shi ne, surar mutum ko dabba tana haramta idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. In an yi ta da abu mai daɗewa, kamar dutse ko itace, babu saɓani. In kuwa da abu mai saurin lalacewa ne, kamar ɓawon kankana, zance mafi rinjaye shi ma haram ne. Amma wadda aka zana a bango ko a takarda, ya ce makaruhi ce idan an ajiye ta a inda ba a wulaƙanta ta, in kuwa a shimfiɗa take ana takawa, to barinta ya fi, iyakarta ke nan. Tun kafin shi, Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya rasu a 386 ta Hijira, karhanci ya ambata game da surori a gadaje da bangwaye da zobe.

Ba duk malamai suka tafi a kan haka ba, kuma ɓoye wannan ha'inci ne ga mai karatu. Imamu Nawawi, Bashafi'e, wanda ya rasu a 676, ya ce a sharhinsa na Muslim zana mai rai haram ne, yana cikin manyan zunubai, ko da inuwa ko babu, ya kuma kira ra'ayin masu rarrabewa ɓatacce. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin labulen Nana A'isha ba shi da inuwa. Amma Hafiz Ibn Hajar, wanda ya rasu a 852, shi ma Bashafi'e ne, bai yarda a kira shi ɓatacce ba. Ya nuna a cikin Fathul Bari cewa an ruwaito da isnadi ingantacce cewa an ga surori a jikin labulen gado a gidan Alƙasim ɗan Muhammadu ɗan Abubakar. Shi kuwa Alƙasim yana cikin manyan fakihai bakwai na Madina, Nana A'isha gwaggonsa ce, kuma ta hanyarsa aka ruwaito hadisin labulen. Da wuya a ce mutum irin wannan ya ruwaito hadisi, kana ya kasa gane abin da yake nufi.

Akwai wata gaɓa da ta shafi zanen yara musamman. Galibi ba a zana yaro duka, kai ne da kafaɗu kawai. Malikawa sun ce surar da ta rasa wata gaɓa wadda mai rai ba zai rayu ba sai da ita ta fita daga haramci, ko da sassaƙaƙƙiya ce, balle ta takarda. Ibn Ƙudama Bahambale, wanda ya rasu a 620, ya faɗi irin wannan a cikin Mugni, har ya ambaci kai wanda ba shi da gangar jiki. Waɗansu kuwa suka ce a'a, ai fuska ita ce sura. Sun kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Mala'ika Jibrilu ya yi umurni a cire kan wani mutum-mutumi da ke gidan Annabi don ya koma kamar itace. Wannan hujja ba ta rainawa ba ce, gama duk wanda ya dubi zanen ɗansa ya san ba kafaɗun yake kallo ba.

To, idan aka auna zanen allin launi da ma'aunin Malikiyya, ba shi da inuwa, kuma sau da yawa rabin jiki ne, don haka bai kai ga haram ba. Sai dai ba zai taɓa shiga sahun abin da ake wulaƙantawa ba. Labule ya zama matashin kai, amma wannan takarda ba ta shimfiɗuwa, ba ta jinginuwa. Rauninta ne ya sa ake yi mata gilashi da firam, a kai ta saman bango, sama da kan kowa, wani lokaci ma kafaɗa da kafaɗa da allon ayoyi. Ɗaukakawar nan kuwa ita ce ainihin abin da shari'a ke sa wa ido. Wanda yake son zanen kuma yake son kuɓuta, sai ya sa shi cikin gilashinsa ya ajiye a akwati ko durowa, ya riƙa ɗaukowa in ya so gani. In ya rataya, to ya sani ya ɗauki makaruhi a mazhabarsa, haram a wurin waɗansu, kuma kada ya yarda ya kasance ta alƙiblar mai salla. Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya sa a kawar da wani labule mai zane-zane domin yana gitta masa a cikin sallarsa.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne idan yaron ya rasu. Sau da yawa a lokacin ne uwa take neman a zana mata shi, babba, a rataye inda za ta gan shi safe da yamma. Ba a yi wa mai wannan hali tsawa. Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, wanda ya rasu a shekara ta 10 ta Hijira bai cika shekara biyu ba, kuma da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa rahama ce. Amma ya kamata a san cewa ta ƙofar bege da baƙin ciki ne sura ta fara yin ɓarna a duniya. Buhari ya kawo daga ɗan Abbas cewa sunayen gumakan nan biyar da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuhu, watau Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa alamominsu a majalisunsu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba, sai da suka shuɗe, ilmi ya gushe, na baya suka bauta. Babu mai zaton Musulma za ta yi wa zanen ɗanta sujada. Abin da ake ji mata tsoro ya fi wannan kusa: ta riƙa tsayawa gabansa tana yi masa magana, miki ya ƙi warkewa, haƙurin da aka yi mata alkawarin Aljanna a kansa ya yi ta jinkiri. Danginta su lallashe ta a sauke shi a adana, ba tare da an yaga ko an ƙona a gabanta ba.

Game da mai zanen, abin da ba haram ba ne aikata shi ba a cewa kuɗinsa haram ne, saboda haka ba daidai ba ne a ce wa Bamalike mai zanen fuskar yara a takarda yana cin wuta. Duk da haka shawarar ɗan Abbas tana nan. Hannun da ya iya fitar da kumatun yaro zai iya fitar da kuka da rimi, da ganuwar Kano, da Dutsen Dala, da zayyanar allo, kuma babu malamin da zai ce masa komai. In ya zaɓi ci gaba da zanen yara, to ya tsaya a kai da kafaɗu, ya zana su cikin sutura, kuma kada ya baza zanen ɗan wani a intanet don tallar aikinsa sai da yardar iyayen.

Ba a shigar da wasan yara cikin wannan tsanani. Nana A'isha tana da 'yan tsana a gidan Annabi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ga wani dokin wasa mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta, amsarta ta ba shi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labari cewa suna yi wa yara abin wasa da ulu don su shagala da shi ranar azumin Ashura. Yaron da ya zana babarsa da allin launi a littafin makaranta ba a fizge masa littafin.

Saura magana ɗaya ga mai gida mai 'ya'ya da yawa, balle mai mata fiye da ɗaya. Wannan zane kyauta ce, kuma kyauta ce da kowa ke gani kullum. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya keɓe ɗansa da wata kyauta, ya je neman Annabi ya yi shaida. Da Annabi ya ji bai ba sauran 'ya'yan irinta ba, sai ya ƙi shaidar, ya umurce shi da adalci tsakaninsu, Bashir ya koma gida ya janye kyautar. Uban da ya rataya fuskar ɗan amarya a falo, 'ya'yan uwargida suna wucewa ƙarƙashinta, ko dai ya sa a zana su duka, ko ya sauke.