Ina Zan Kai Yara Su Hau Jirgin Ƙasa?

Wannan tambaya daga wata mai sauraronmu ce a Garwa, arewacin Kamaru. Ta ce yaranta sun ga ɗan ƙaramin jirgin ƙasa a talabijin, sun tasa ta gaba sai sun hau a wannan hutun damina. Ina za ta dosa?

To Hajiya, irin wannan jirgi an fi saninsa a Ingila, inda masu sha'awa ke kafa ƙungiya su ƙera shi da hannunsu. Wani faɗin dogonsa bai kai taƙi guda ba, ɗare taragon ake yi, amma kwal yake ci, har da hayaƙi da usur.

Ke kuwa jirgin gaske ya fi miki kusa. Dogo bai iso Garwa ba, ya tsaya a Ngaundere tun 1974, tafiyar kusan kilomita 280 a mota. Daga can jirgin Camrail ke tashi da dare zuwa Yawunde, kilomita 622, kuma akwai tarago mai gadaje. Ki yanki tikiti da wuri, ki riƙe wa yara rigunan sanyi, domin Ngaundere kan tudu take. Allah ya kiyaye hanya.