Kafin Ka Ɗauko Filaya

Ɗana, jawo benci ka zauna, da wannan zafin ranar ba motar da za ta tsaya. Jiya da la'asar ina ƙarƙashin darbejiya ina kallonka, lokacin da kan tiyon iska ya ƙi kwancewa. Ka kama shi da filaya, ka cije leɓe, ka yi ta murɗa har jijiyar wuyanka ta miƙe. Na yi shiru ne don direban yana tsaye, ba a gyara wa yaro kuskure a gaban baƙo. To ga shi nan a hannuna. Dubi kusurwoyinsa shida, kamar ɓera ya kwana yana gwaguya. Bai kwance ba, yanzu kuma ko sifana ba ta da wurin kamawa. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Kada ka sunkuyar da kai. Ni ma ina sa'anka na karya na maigidana, namijin ya guntule a cikin macen, muka wuni ba mu ba taya ko ɗaya iska ba. Allah Ya jiƙansa, bai ɗaga mini hannu ba. Ya ɗora mini guntun a tafi ya ce in faɗa masa abin da ya hana shi fita. Na ce taurin kai ne. Ya yi dariya ya ce ƙarfe ba shi da kai balle tauri, in sake dubawa. Abin da na gano tun daga ranar shi zan ba ka.

Na farko, ruwa. Kwampreso yana zuƙar iska da danshinta, in ta matsu ta huce sai ruwan ya kwanta a gindin tanki, wani ya biyo tiyo. Kan nan tagulla ne, abin da aka ɗaura shi a ciki kuwa sau da yawa baƙin ƙarfe ne ko alminiyam. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu da laima a tsakaninsu, ɗaya yakan ci ɗaya. Tsatsa ko wani farin gari ya cike zaren, su manne kamar tare aka ƙera su. Shi ya sa bayan damina aka fi shan wannan wahala.

Na biyu, zaren kansa. Ba irin na noti ba ne da yake miƙe. Yawancinsu bakin siriri ne, gindin ya fi kauri, kamar tsinin fartanya a cikin ƙota: iya shigarsa iya matsewarsa. An yi shi haka ne don ya tare iska. Wanda ya ɗaure shi da dukan ƙarfinsa, fegi ya buga.

Na uku, wanda samari da yawa ba su sani ba: kayan nan ƙira biyu ne. Akwai zaren Amurka, akwai na Ingila. A kan mai rubu'in inci, na Amurka haƙora 18 ne a kowane inci, na Ingila 19. Da ido ba ka rabe su. Ka haɗa su, su yi zagaye biyu ko uku lafiya, sannan su cije. Mai gaggawa ya sa sifana ya ƙarasa da ƙarfi, ya bar wa na baya aiki. Akwai kuma wanda aka shafa wa gam tun daga masana'anta, akwai wanda ba zare gare shi ba sam, matse shi aka yi a jikin roba. Irin wannan ko shekara za ka yi kana juyawa, tiyo kawai kake murɗewa.

Don haka kafin hannunka ya taɓa kayan aiki, kashe inji, ka saki iska har allurar geji ta kwanta a sifili. A geji, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce talatin da 'yan kai ba, amma tankin nan yakan haura ɗari. Ƙarfe in ya fita da wannan ƙarfin, ba ya tambayar ido ko haƙori. Sai ka goge wurin, ka duba da kyau wanne ne ke juyawa, wanne ne ke tsaye.

Sannan sifana biyu, ba ɗaya ba: ɗaya ta riƙe ƙarfen jikin tiyo, ɗaya ta juya kan. Kowace ta zauna cif. In 14 ce kada ka ce 15 ma za ta yi, tagulla taushi gare ta, sau ɗaya sifana ta zame ta tafi da kusurwa. Ka sa kan yana fuskantarka, ka juya saɓanin tafiyar hannun agogo. Na sha ganin yaro ya kifa abu, hagunsa ta koma dama, yana ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Ka jera hannuwan sifanun kusa da juna yadda za ka matse su a tafi ɗaya, ƙarfin ya fi tafiya daidai. In kuma a kan bawul ɗin taya ya maƙale, riƙe wuyan bawul ɗin tukuna, don na tubules roba ce, tana yagewa.

In ya ƙi, ɗiga masa man kwance tsatsa, ko kananzir in babu, a daidai bakin zaren, kada ka jiƙa robar. Ɗan ƙwanƙwasa gefen macen da ƙaramar guduma, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Daga nan ka ajiye shi. Je ka yi alwala, ka yi salla, ka sha ruwa. Man yana bin zaren yana aikinsa ko ba ka nan. In ka dawo, fara ɗan matsa shi ta wajen ɗaurewa, ƙiris, har ka ji ya ce ƙas, sannan ka dawo baya. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki.

Zafi ma yana taimako, don macen takan buɗe in ta ɗumama, gam kuma ya yi laushi. Amma fara da tafasasshen ruwa. Wuta sai in ka raba ƙarfen da roba, ka goge kananzir tas. In duk an yi bai yiwu ba, yanke tiyon kamar yatsa uku daga bayan kan, ka sa sabon kai ka ɗaure da kilif. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ɓata wuni da kayan ɗaruruwa don ka nuna ba a fi ka ƙarfi ba.

Ranar mayarwa kuwa, ka tuna da wanda zai kwance. Naɗa farin tef zagaye biyu ko uku ta bin zaren, ka fara ɗaurawa da yatsu. In ya cije tun farko, ba nasa ba ne, fitar da shi. Sifana zagaye ɗaya ko biyu ta isa, ruwan sabulu zai gaya maka in yana yoyo. Kowace yamma ka buɗe gindin tanki ruwa ya tsiyaye.

Wata rana za ka yi yara a ƙarƙashinka, ka yi iyali. Za ka tarar da wanda ya cije, magana ta ƙi shiga. Kafin ka ɗaga murya, tambayi kanka ko tsatsar wani tsohon ɓacin rai ce, ko kai ne ka matse fiye da kima, ko kuwa tun farko zarenku ne bai zo ɗaya ba.

Yanzu karɓi magagarin nan. Ɗaure kan a bais, ka goge gefe biyu su miƙe har sifana ta sami mazauni. Na ɗiga masa mai tun da asuba.